Uwargida Ma Tana Iya Gina Jirgin Sama A Tsakar Ɗakinta

Yau za mu ɗan jingine zancen girki da reno, mu ɗauko wani aikin hannu wanda da yawa cikinmu ba su taɓa jin labarinsa ba, waɗanda suka ji kuwa sun ɗauka na maza ne. Aikin shi ne gina siffar jirgin sama a cikin kwamfuta, a shafa masa fenti, a haska shi, sa'an nan a fitar da hotonsa, har wanda ya gani ya rantse a filin jirgi aka ɗauko shi. Akwai mutane da yawa a duniya waɗanda da wannan suke ɗebe kewa in sun taso daga aiki, kamar yadda waɗansunmu ke yin saƙa ko ɗinkin hula.

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan biri da gada? Ni da ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba." To, 'yar'uwa, ki daure ki bi ni har ƙarshe. Abin da nake so in nuna miki shi ne, duk macen da ta iya riƙe tef ta auna mutum, ta ninke yadi biyu ta yanka riga, ta riga ta mallaki rabin wannan fasaha ba ta sani ba. Rabin da ya rage kuwa awo ne da haƙuri, su ma ba baƙinmu ba ne.

ZANE MAI JIKI

In kika zana buta a takarda, tsawo da faɗi kaɗai gare ta. Ba dama ki juya ta ki ga gindinta, ko ki leƙa cikinta. Amma in kika ɗauki yumɓu kika gina ta, ta sami tsawo da faɗi da kauri, watau ta yi jiki, kina iya kallonta ta kowace fuska. Wannan shi Turawa ke kira 3D, mu kuwa a nan sai mu ce zane mai jiki. Bambancinsa da ginin yumɓu shi ne a cikin kwamfuta ake yinsa, hannu ba ya ɓaci, in kuma an yi kuskure sai a danna maɓalli biyu a koma baya.

Amfaninsa ga mai son zana jirgin sama babba ne. Mai zane da fensir, in ya kwana uku yana zana jirgi ta gefe, aka ce ana son ganinsa ta ƙasa yana ratsa gajimare, tilas ya ɗauko sabuwar takarda ya koma farko. Wadda ta gina shi da jiki kuwa sau ɗaya za ta sha wahala. Daga nan sai ta riƙa juya shi yadda ta ga dama, yau ta ajiye shi a ƙasa da hantsi, gobe ta ɗaga shi sama da almuru, ta fitar da hoto ɗari daga gini ɗaya.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a gidajenmu. Bayan girbi yara maza sukan feƙe karan dawa su ƙera mota da jirgi, 'yan mata kuma su gina 'yan tukwane da murhu na wasa. Duk gini mai jiki ne. Sai an shiga sakandare hanya ke rabuwa, maza su nufi ajin zanen fasaha da rula da kamfas, mata kuwa a nuna musu ɗakin koyon girki. Ba raina girki nake yi ba, da shi muke riƙe gidajenmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yarinyar da ke lissafa cinikin uwarta da ka, ba ta ɓatar da ko kwabo, ita ce za ta zo aji ta ce mini lissafi ya fi ƙarfinta. Ƙwaƙwalwa kam tana da ita. Abin da ta rasa shi ne wanda zai ba ta wani abu ta auna da hannunta, ta ga amfanin awon da idonta.

ALLURA DA ZARE A TARIHIN JIRGI

Ran 17 ga Disamba 1903 waɗansu 'yan'uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tashi sama da jirgi mai inji. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi, ya ci tafiyar ƙafa 120. Fikafikan jirgin nan katako ne aka lulluɓe da farin yadi mai kama da alawayyo, da keken ɗinki kuma aka ɗinka shi. Da suka kafa kamfani a garin Dayton, sai suka ɗauki wata tela mai suna Ida Holdgreve a 1910, aikinta ɗinka wa fikafikai riga. Kun ga ke nan, tun ran gini tun ran zane, hannun mace yana cikin wannan sana'a.

Shekara da shekaru duk jirgin da za a ƙera sai an zana shi da hannu, sashe bayan sashe, a kan tulin takardu. A 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna wata manhaja da ya sa wa suna Sketchpad, wadda mutum ke zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. Abu ya yi ta ci gaba har aka zo kan jirgin Boeing 777, wanda ya fara tashi a watan Yuni 1994. Shi ne jirgin fasinja na farko da aka zana gaba ɗayansa da jiki a cikin kwamfuta, aka gwada haɗa sassansa a can tun ba a yanka ƙarfe ba. Amma irin waɗannan manhajoji na manyan kamfanoni ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka.

Abin da ya kawo aikin ƙofar ɗakinmu shi ne wata manhaja mai suna Blender. Wani mutumin ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya fara rubuta ta a 1994. Da kamfaninsa ya karye a 2002, sai masu amfani da ita suka yi karo-karo, cikin mako bakwai suka tara Yuro 100,000 suka fanso ta, aka sake ta kyauta ga kowa a watan Oktoba na shekarar. Har yau kyauta ce. Kada kuma ku ɗauka tun da kyauta ce ba ta da inganci: da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta finafinan zane a watan Maris 2025.

KAYAN AIKI

Na farko kwamfuta, ba kuwa sai sabuwa dal ba. Sababbin fitowar Blender suna son kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 8 ko fiye, amma in taki ba ta kai ba, tsofaffin fitowar suna nan a shafin masu ita, kuma sun isa a koyi aiki da su. Da zarar an sauke ta an sa, ba ta bukatar intanet. Wadda ta samu tana iya zuba wa maƙwabciyarta a filas, ba kuma sata ba ce, don sharaɗin manhajar ya yarda da haka. Na biyu linzamin kwamfuta mai 'yar taya a tsakiya, don da tayar ake juya gini, a matso da shi ko a nesanta shi. Na uku rula da fensir da littafin lissafi mai gida-gida. Kada ki raina na ukun nan, su ne tushe.

Wayar hannu fuskarta ta yi ƙanƙanta da aikin awo. Ki bar ta wa kallon darussa, waɗanda ke nan birjik a YouTube. Yawancinsu da Turanci ne, amma ko ba ki ji duka ba ido yana bin hannu, kamar yadda muka koyi kitso ba tare da an karanta mana littafi ba.

Wadda ba ta da kwamfuta kada ta naɗe hannu. Kwali da almakashi da gam sun isa a fara. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ruwa ta Amurka ta roƙi 'yan makaranta su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 na katako, don a koya wa soja bambanta jirgin gida da na abokan gaba. Sharaɗin shi ne kowane jirgi ya zama kashi ɗaya cikin 72 na girman na gaskiya, watau inci ɗaya a madadin ƙafa shida. Yaran nan ba wanda ya taɓa ganin kwamfuta a cikinsu. Awon da kika koya a kan kwali shi ne dai za ki kai cikin kwamfuta ranar da Allah Ya hore miki ita. Ke 'yar makaranta kuma, in akwai ɗakin kwamfuta a makarantarku, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku roƙi malamin da ke kula da shi ya sa muku manhajar.

ZAƁI JIRGI ƊAYA KI SAN SHI

Shawarata ita ce ki fara da jirgin Douglas DC-3, wanda Turawan Ingila ke kira Dakota. Ya fara tashi ran 17 ga Disamba 1935, shekara 32 cif bayan tashin su Wright. An ƙera fiye da 16,000 in aka haɗa da na soja, saboda haka hotunansa da zanensa ba su da wuyar samu. Ya kuma yi aiki a ƙasar nan, a hannun kamfanin jiragen Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, da kuma Nigeria Airways wanda aka kafa a 1958, ya daina aiki a 2003.

Kafin ki taɓa kwamfuta ki san kamanninsa kamar yadda kika san fuskar ɗanki. Daga hanci zuwa wutsiya mita 19.7 ne. Daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen ɗaya fiffiken mita 29. Inji biyu gare shi, kowanne da farfela mai harshe uku. Manyan tayoyi biyu suna ƙarƙashin injunan, 'yar ƙarama ɗaya tana ƙarƙashin wutsiya, shi ya sa in yana ƙasa za ki ga hancinsa a sama, bayansa a ƙasa. In ya tashi manyan tayoyin suna naɗewa su shige bayan inji, amma ba sa ɓacewa duka, sashensu yana leƙowa. Jikinsa na alminiyam ne, amma sassan da ke motsi a wutsiya da ƙarshen fikafikai, waɗanda matuƙi ke juya jirgi da su, da yadi aka lulluɓe su. Ga tela ta sake shigowa.

Daga nan sai ki nemi abin da ake kira zane uku, watau jirgin ta gefe, ta gaba, da ta sama. Tela ba ta yanka da tsawon riga kaɗai, sai ta haɗa da faɗin kafaɗa da zagayen ƙirji. Haka nan zane uku, kowanne yana faɗa miki abin da sauran biyu suka ɓoye.

Ga gwaji ga 'yan makaranta. Ku ɗauki santimita ɗaya a madadin mita ɗaya, ku zana jirgin ta sama: jiki santimita 19.7, fikafikai santimita 29. In kuma kuka bi ma'aunin ɗaya cikin 72, sai ku raba 2,900 da 72, ku sami kimanin santimita 40, ku raba 1,970 da 72, ku sami kimanin 27. Za ku lura faɗin fikafikai ya kusa ninki ɗaya da rabi na tsawon jiki. Wadda ta zana da ka ba ta auna ba takan sa jiki ya fi fikafikai tsawo, don haka idonta ya saba gani a manyan jiragen yanzu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwa haka ne. A wannan aiki kuwa kima ba ta wadatarwa, sai an ɗauko mudun.

YADDA AKE GININ

Da farko ki kafa zanen nan uku a cikin Blender, kowanne a fuskarsa. A maɓallan lamba na gefen dama, 1 yana nuna miki gini ta gaba, 3 ta gefe, 7 ta sama. Ki ƙara wa zanen girma ko ki rage har hanci zuwa wutsiya ya zama mita 19.7 a ma'aunin manhajar, ki kuma tabbata hancin da ke zanen gefe ya yi daidai da hancin da ke zanen sama. In aka karkace a nan, duk abin da aka ɗora a kai karkatacce ne.

Duk wani gini a kwamfuta raga ce. Akwai ɗigo, ɗigo biyu su haɗu su ba da layi, layuka su kewaye su ba da fuska, fuskoki su haɗu su ba da jiki, kamar dai saƙar kwando. Haruffa huɗu za ki fara riƙewa: G na matsarwa, R na juyawa, S na ƙara girma ko ragewa, E kuma na jawo sabon sashe daga tsohon. Da su ake yin yawancin aikin.

Gangar jiki ita ce ta farko. Ki tuna yadda kike yanka karas ƙwaya-ƙwaya: na wajen kai manya, na wajen jela ƙanana, in kika jera su sai karas ya dawo. Haka jikin jirgi yake. Ki fara da zobe ɗaya mai ɗigo 12 ko 16 a tsakiyar jiki, ki danna E ki jawo wani zoben gaba kaɗan, ki danna S ki daidaita girmansa, ki duba ta gefe, ki duba ta sama. Haka za ki yi ta yi har ki kai hanci, ki komo ki nufi wutsiya. Wadda ta taɓa ganin mai ginin randa tana ɗora yumɓu zobe kan zobe ta riga ta ga wannan aiki.

Ba sai kin gina ɓangare biyu ba. Akwai wani umarni da ake kira madubi, wanda duk abin da kika yi a dama zai maimaita shi a hagu. Shi ne ninke yadi biyu a yanka hannun riga sau ɗaya. Sai dai ki tuna ƙofar fasinja gefe ɗaya take, saboda haka sai kin gama da madubi za ki yanka ta.

A wajen fiffike ake gane wadda ta yi nazari. Fiffike ba faranti ba ne. In aka yanka shi aka dubi bakin yankan, gabansa mai kauri ne zagayayye, bayansa siriri kamar bakin wuƙa, samansa kuma ya fi ƙasansa lanƙwasa. A jirgin DC-3, kaurin fiffike a gindinsa kashi 15 ne cikin 100 na faɗinsa, a ƙarshensa kuwa kashi 6. In kika dube shi ta gaba, daga bayan injuna fikafikan suna ɗan ɗagawa sama. In kika dube shi ta sama, bakin gaba ya kwanta baya, bakin baya kuwa miƙaƙƙe ne. Waɗannan abubuwa su ke sa wanda ya san jirgin ya ce lalle Dakota ce. Inji ɗaya za ki gina, da taya ɗaya, madubi ya ba ki na biyu. Harshen farfela ma ɗaya ne, sai ki kwafe shi ki juya digiri 120 sau biyu, don 360 a raba uku ke nan.

A wannan lokaci jirginki zai yi kusurwa-kusurwa kamar an sassaƙa shi da adda. Akwai umarnin da ke sulɓe shi, kamar yadda mai tukwane ke shafe tukunya da jiƙaƙƙen tsumma. Amma yana sulɓe har inda ba a so, ya mai da taga mai kusurwa huɗu kamar ƙwai. Maganinsa shi ne a ƙara layi kusa da bakin tagar, kamar yadda ake kalmasa bakin zane don ya tsaya.

Fenti kuma sai an shimfiɗa fatar jirgin tukuna. In kina son kwaikwayon wata riga, kikan farke ɗinkinta ki baje ƙyallayen a tabarma. Haka za ki nuna wa manhaja inda za ta farke, ta baje miki fatar a fili, ki zana layuka da lambobi da launi, ita kuma ta mayar a jiki. Dubban 'yan ƙusoshin da ke riƙe da alminiyam a nan ake zana su, ba a gina su ɗaya-ɗaya, in ba haka ba kwamfuta za ta yi nauyi ta tsaya. Kada kuma ki bar jirgin fes kamar kwanon jere. Jirgi mai aiki yana da baƙin hayaƙi a bayan inji, da ƙura a tayoyi.

Na ƙarshe haske da hoto. Ki sa rana a gefe ɗaya, ƙasa-ƙasa kamar ta la'asar, don inuwa ta fito da siffar jiki. Ki sauko da kyamara daidai tsayin mutum, sai jirgin ya yi kwarjini. In a sama kika sa shi, ki naɗe tayoyi, farfela kuma ta zama dishi-dishi, don ba a ganin harshen farfela a tsaye alhali jirgi na tafiya. Sa'an nan ki umarci kwamfuta ta wanke hoton. Wani ya ɗauki minti kaɗan, wani sai kin gama tuwon dare.

INDA AKE TUNTUƁE

Masu koyo sukan yi gaggawar cika ɗigo tun jiki bai daidaita ba, gyara ya gagara. Ki fara da kaɗan, ki ƙara in bukata ta zo. Zane ukun da ake samu a intanet kuma ba duka ne ke daidai ba, wani ma fuskokinsa ba su yarda da juna ba, saboda haka ki riƙa gwada shi da hotunan jirgin na gaskiya. Ki saba da danna Ctrl da S bayan kowane 'yan mintoci don adana aiki, kin dai san halin wutar lantarkinmu, ba ta sallama in za ta tafi. Kowane mako ki adana da sabon suna, ki ajiye kwafi a filas. In kika ɗauki hoton wani ko zanensa kika yi aiki da shi, ki ambaci mai shi, kada ki ce naki ne.

Kada kuma ki sa ran gamawa cikin mako. In rabin sa'a kike samu kullum, jirgin farko zai iya cin watanni, kuma ba lalle ya yi kyau ba. Ki ajiye shi, ki gina na biyu, ki gwada su. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI UKU

Wata za ta tambaya, ina matsayin wannan a addini? Maganar da malamai suka yi a kan zane ta shafi abu mai rai ne, mutum ko dabba. Jirgi kuwa ƙarfe ne, kamar zanen gida ko mota. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta bar kujerar matuƙi ba kowa, ta kuma tambayi malaminta.

Ta biyu ita ce, in je filin jirgi in ɗauko hotuna? A'a. Filin jirgi da barikin soja wurare ne na tsaro, ɗaukar hoto ba izini yana iya jawo miki tsarewa da tambayoyi. Abin da ke littattafai da intanet ya ishe ki.

Ta uku, maigida fa, da aikin gida? Ki zaɓi lokacin da ba na kowa ba, bayan yara sun tafi makaranta ko bayan sallar isha'i, kada tukunya ta ƙone saboda fiffike. Ki nuna masa abin da kike yi tun daga farko, musamman in kwamfutarsa za ki ara. Sa'o'in da muke ɓatarwa muna latsa waya muna bin labarin da ba namu ba sun isa gina jirgi. An ce da zaman banza gara aikin kishiya, balle wannan aikin naki ne.

RIBAR ABIN

Riba ta farko a aji take. Yarinyar da ta raba 2,900 da 72 don fiffikenta ya fito daidai, ta juya farfela digiri 120, ba za a sake tsorata ta da rabawa ko kusurwa a jarrabawa ba. Ta biyu, hannun da ya iya gina jirgi zai iya gina gida, da gado, da kujera, da kwalbar turare. Masu zanen gine-gine da kafintoci da masu talla duk suna bukatar wanda zai nuna wa mai saye kaya tun ba a ƙera ba, kuma aiki ne da mace ke iya yi daga ɗakinta. Ban ce kuɗi za su zo gobe ba, sai hannu ya faɗa tukuna. Ta uku, sha'awa takan zama hanya. Kwalejin koyon aikin jiragen sama tana nan Zariya tun 1964, kuma a can Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, daga baya ma ta shugabanci kwalejin. Ba tuƙi kaɗai ake koyarwa a can ba, har da gyaran jirgi da kula da zirga-zirgarsa.

Akwai kuma wani aiki da ke jiranmu. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan Ingila ƙirar DH.9A suka sauka Kano, sun taso daga Masar. Jirage ne masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi, faɗinsu kimanin mita 14, katako ne da yadi. Yaranmu suna jin labarin a baki, amma ina littafin Hausa da zai nuna musu jiragen nan da launinsu, suna saukowa ta bisa ganuwa, ga Dala da Goron Dutse a bayansu? Baturen da ke zanen jirage a ƙasarsu ya san jirgin, amma bai san kalar ƙasar Kano da hazon hunturu ba. Mu muka sani. Ina fata wadda za ta yi wannan hoto tana cikin masu karanta shafin nan yau.

Kafin a kai can, ga aikin wannan mako. Kowacce ta ɗauki butar gidansu, ta auna ta da rula, ta zana ta a takarda mai gida-gida ta gefe, ta gaba, da ta sama, ta tabbata tsayin da ke zane na farko shi ne a na biyu. Iyaye mata, in kun ga 'yarku da rula tana auna buta, kada ku ce wasa take yi ku aike ta. Wadda ta gama ta aiko mana da zanenta ta hannun Edita, tare da duk tambayar da ta shige mata duhu.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin. Haza wasalam.